Ba Kowane Shiru Ne Kunya Ba

A shekara ta 1999 wata marubuciya 'yar ƙasar Amurka, Laurie Halse Anderson, ta fitar da wani littafin labari domin matasa. Sunansa da Turanci Speak, ma'anarsa kuwa "yi magana". Littafin ba shi da kauri, wanda ya iya Turanci zai gama shi cikin kwana biyu, akwai kuma fassararsa da Faransanci. Amma tun fitowarsa ake ta jayayya a kansa. Waɗansu malamai suna karantar da shi a aji. Waɗansu iyaye kuwa suna kai ƙara a fitar da shi daga makaranta, har Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta sa shi cikin jerin littattafai 100 da aka fi kai ƙararsu tsakanin 2000 da 2009.

Da a ce jayayyar ta tsaya tsakanin malamai da iyaye na wata ƙasa mai nisa, da ba ruwan kowa a nan. Abin da ya sa ta shafi masu bi shi ne, cikin masu neman a hana littafin akwai waɗanda suke yi da sunan Almasihu. Sun yi kuskure, ba kuwa su ne za su biya bashin kuskuren ba, yara ne za su biya. Irin tunaninsu kuma ba a Amurka kaɗai yake ba. Yana nan a gidajen masu bi da yawa waɗanda ba su taɓa jin sunan littafin ba. Yana nan a taron dattawa, yana nan a zumuntar mata. Saboda haka ya kamata a duba maganar da kyau.

Labarin Melinda

Yarinyar da ake ba da labarinta sunanta Melinda Sordino, a garin Syracuse na jihar New York. Shekarunta 13 sa'ad da abin ya same ta. A ƙarshen dogon hutu, kafin ta shiga babbar makarantar sakandare, ta bi ƙawarta zuwa wani bikin matasa da dare. An sha giya a wurin, ita ma ta sha. Wani saurayi da ya girme ta, Andy Evans, ya yi mata daɗin baki, ya ja ta zuwa cikin itatuwa, ya yi mata fyaɗe. Da ta samu ta tashi sai ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda, amma da aka amsa, magana ta ƙi fita daga bakinta. 'Yan sanda suka zo suka watsa bikin, suka kama waɗansu. Melinda ta sulale ta tafi gida a ƙafa, ba ta gaya wa kowa kome ba.

Da aka koma makaranta, kowa ya sani ita ce ta kira 'yan sanda. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda ya tambaya. Ƙawayenta na ƙuruciya suka juya mata baya. A wurin cin abinci ba ta da inda za ta zauna. A taron 'yan makaranta aka ja mata gashi, aka zungure ta da gwiwa. Ta yi baƙin jini irin na muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Ƙawa guda da ta samu baƙuwa ce daga wata jiha, ita ma daga baya ta ce zama da Melinda ba daɗi, ta rabu da ita.

Sai yarinya ta fara janye jiki. Maganarta ta ragu har ta kusa ƙarewa. Tana cizon leɓunanta har su yi jini. Ta cire madubin ɗakinta ta ɓoye, gama ba ta son ganin fuskarta. Makinta ya yi ta faɗuwa zango bayan zango. Ta sami wani tsohon ɗaki a makaranta inda masu shara suke ajiye kayansu a dā, ta mai da shi maɓoyarta, nan take shiga ta rufe ƙofa sa'ad da sauran suke aji. Iyayenta ba mugaye ba ne. Aiki ya sha kansu, su da kansu ba sa jituwa sosai, yawancin maganar gidan a 'yar takarda ake rubutawa a ajiye a ɗakin girki. Aka kira taro, shugaban makaranta da iyaye da mai ba ɗalibai shawara suka sa ta a tsakiya. Kowa ya faɗi nasa, amma ba wanda ya tambaye ta ko wani ya yi mata wani abu.

Mai karanta littafin shi ma ba ya sanin abin da ya faru sai an wuce rabin labarin. Marubuciyar ta yi wannan da gangan. Ta sa mai karatu ya zauna inda iyaye da malamai suke zaune, yana kallon yarinya tana bushewa, yana ta zato iri iri.

Mutum ɗaya ne ya bi wata hanya dabam, wato malamin zane, Malam Freeman. A farkon shekara ya sa kowane ɗalibi ya zari 'yar takarda, abin da ke rubuce a ciki shi zai yi ta zanawa har shekara ta ƙare. Melinda ta zari "itace". Ta yi ta zana itatuwa matattu, waɗanda aradu ta faɗa wa. Malamin bai matsa mata ba. Ya bar ƙofar ajinsa a buɗe, ya nuna mata ya ga akwai ciwo cikin zanen, ya kuma sanar da ita cewa duk ranar da take so ta yi magana yana nan.

Abin da ya buɗe bakinta daga baya tsoro ne domin wata. Tsohuwar aminiyarta Rachel ta fara soyayya da wannan Andy ɗin. Melinda ta rubuta mata gaskiya a takarda a ɗakin karatu. Rachel ta tausaya mata har zuwa lokacin da ta ga sunan saurayin, sa'an nan ta ce ƙarya ce, kishi ne. Melinda ta kuma rubuta sunansa a bangon makewayin 'yan mata domin gargaɗi. Da ta komo bayan kwanaki sai ta tarar waɗansu 'yan mata da yawa sun ƙara nasu a ƙarƙashi. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Da Andy ya ga asirinsa ya fara tonuwa sai ya tare ta a ɗan ɗakin nan, ya sāke kai mata hari. Wannan karo ta yi ihu, ta fasa madubi, ta sa masa tsinin gilashi a wuya, har waɗansu 'yan mata da suka taso daga filin wasa suka ji suka zo. Littafin ya ƙare ranar rufe makaranta, ta gama zanen itacenta, ta juya ga Malam Freeman za ta fara ba shi labari.

Ƙarar da aka kai

A watan Satumba na 2010 wani malamin jami'a a jihar Missouri, Wesley Scroggins, ya rubuta a jaridar garin Springfield cewa ya kamata a lissafta littafin nan cikin batsa, saboda wuraren da aka ba da labarin fyaɗe. Ya nemi hukumar makarantun garin Republic ta cire shi tare da waɗansu littattafai biyu, yana kuwa kafa hujja da bangaskiyar Kirista. A 2011 hukumar ta zauna, ta cire biyun, ta bar Speak.

Hukumar ta yi daidai a kan wannan littafi, ga dalili. Batsa ita ce abin da aka rubuta domin a ta da sha'awa. A littafin nan abin da aka nuna shi ne yarinya 'yar shekara 13 an danne ta a ƙasa, an rufe mata baki da hannu, tana so ta ce a'a. Ba a kwatanta tsiraicin kowa ba. Abin da mai karatu yake ji tsoro ne da baƙin ciki. Wanda ya zuba fyaɗe da batsa a kwando ɗaya ya riga ya yarda, ko bai sani ba, cewa abin da ya faru a cikin itatuwan nan sha'ani ne na mutum biyu, zunubin da aka yi tarayya a ciki. Wannan ƙarya ce. Mutum ɗaya ya yi, ɗaya aka yi wa.

A kuma tuna da wanda yake sauraro sa'ad da babba ya tashi ya ce labarin nan ƙazanta ne. Cikin masu sauraro akwai yarinyar da labarin nata ne. Abin da za ta ɗauka shi ne, in labarina ƙazanta ne, to, ni ma ƙazanta ce, gara in rufe bakina. Ita marubuciyar ta san wannan da jikinta. 'Yar fasto ce, mahaifinta mai hidima ne a ikkilisiyar Metodis. An yi mata fyaɗe tana da shekara 13, ta yi fiye da shekara 20 ba ta faɗa ba, sai a 2019 ta rubuta labarin kanta dalla dalla a wani littafi mai suna Shout. Idan shiru irin wannan ya iya zama a gidan fasto, ba gidan da zai ce ya fi ƙarfinsa.

Sai a fara da yage Littafi Mai Tsarki

Wanda yake cewa bai kamata matasa su karanta labarin fyaɗe ba, bari ya buɗe 2 Sama'ila sura 13. Amnon, ɗan farin sarki Dawuda, ya ƙwallafa rai a kan Tamar, 'yar'uwarsa da suke uba ɗaya. Abokinsa Yonadab ya ba shi dabara ya kwanta ciwon ƙarya. Sarki da kansa ya aiki Tamar ta je ta yi masa abinci. Amnon ya kori kowa daga ɗakin. Ta roƙe shi, ta kawo masa dalilai, ya ƙi ji, ya fi ta ƙarfi. Bayan haka ya tsane ta, ya sa baransa ya fitar da ita ya kulle ƙofa.

Tamar ba ta ɓoye ba. Ta zuba toka a kanta, ta yage rigarta ta 'ya'yan sarki, ta fita tana kuka da ƙarfi. Manya ne suka rufe mata baki. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru, tun da ɗan'uwa ne, kada ta sa abin a ranta. Dawuda ya ji labari, ya husata ƙwarai, amma bai yi kome ba. Tamar ta zauna a gidan Absalom a kaɗaice, daga nan ba a ƙara jin muryarta ba.

To, shirun nan ya kawo salama a gidan Dawuda? Bayan shekara 2 Absalom ya sa aka kashe Amnon a wurin bikin sausayar tumaki. Ya gudu Geshur ya yi shekara 3. Ya komo ya tayar wa mahaifinsa, Dawuda ya fita daga Urushalima ba takalmi yana kuka, dubban mutane suka mutu a yaƙin, Absalom ma ya mutu. An rufe bakin yarinya ɗaya domin a kare sunan gida, gidan ya rushe a kan masu rufewar.

Ruhu Mai Tsarki bai ji kunyar sa wannan sura cikin Littafi ba. Bai ji kunyar labarin Dinatu a Farawa 34 ba, ko labarin matar nan ta Gibeya a Littafin Mahukunta 19. Ana ba yaro Littafi Mai Tsarki ranar baftismarsa da surorin nan duka a ciki. Mai neman a hana labarin Melinda yana neman ya fi Maganar Allah tsabta ne, wurin da ya tsaya kuwa wurin Absalom ne.

Kunya da tsoro

Yanzu bari a kawo maganar gida. A ƙasar Hausa, da duk inda Hausawa suke zaune, ana yabon yarinya mai kunya. Ta sunkuyar da kai gaban manya, ba ta ɗaga murya, ba ta faɗin sunan ɗan fari ko na suruki. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba wanda yake so a yar da ita. Amma tana da haɗari guda wanda ba a cika faɗa ba. Yarinyar da aka ji wa ciwo da yarinya mai kunya, daga nesa kamarsu ɗaya.

A ɗauko Melinda a ajiye ta a Maraɗi, ko a Garwa, ko a zangon Kumasi. Ta daina surutu, ta daina fita, tana zaune a ɗaki. Me za a ce? Za a ce ta yi hankali, ta natsu, girma ya zo. In abin ya yi tsanani, ta daina cin abinci, tana firgita da dare, sai a ce iska ce ko sammu, a kai ta a yi mata addu'a. In ta ƙi zuwa aike sai a ce taurin kai ne, a ɗauko bulala. In karatu ya lalace sai a ce ba ta da kan boko, a cire ta a nema mata miji. A makarantar Melinda, duk da sakacinsu, faɗuwar maki ta sa an kira taro. A nan mai yiwuwa ne ta shekara tana mutuwa a tsaye ana sa mata albarka.

Amma ana iya rarrabewa, in an so. Mai kunya tana shiru gaban manya, in ta shiga cikin tsaranta sai dariya da wasa. Tana cin abincinta, tana rera waƙarta a ƙungiyar mawaƙa. Wadda aka ji wa ciwo kuwa sākewa take yi farat ɗaya. Jiya tana da ƙawaye, yau ba ta da ko ɗaya. Akwai gidan da ba ta yarda a aike ta, akwai shagon da take kewayewa, akwai mutumin da in ya yi sallama sai ta tashi ta shige ɗaki. Ta bar zuwa koyon waƙa ba dalili. Wata ma takan koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari. Ruwa ba ya tsami banza. Amfanin littafin Speak ga iyaye ke nan: yana koya wa ido ya gane waɗannan alamu, gama mai karatu yana jin abin da ke cikin zuciyar yarinyar a daidai lokacin da manya suke yi mata mummunar fassara.

Kada kuma wani ya ce wannan cutar Turawa ce. A watan Oktoba na 2024 hukumar UNICEF ta ba da lissafi cewa mata da 'yan mata fiye da miliyan 370 da suke raye a duniya an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu ta wannan hanya kafin su kai shekara 18, wato ɗaya cikin 8. Yankin da ya fi yawa shi ne Afirka kudu da Sahara, da miliyan 79, fiye da ɗaya cikin 5. Yara maza ma ba su tsira ba, wajen ɗaya cikin 11. Duk mai tsayawa gaban ajin baftisma ko taron matasa, bari ya ƙirga kawunan da suke gabansa, ya yi lissafin da kansa.

Abin da masu ƙi suke faɗa

Na fari, suna cewa ai yarinyar ma da laifinta. Me ya kai ta biki da dare, me ya sa ta sha giya? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ta kashe 'yan mata da yawa. Daddawa ba ta da rai, ba ta kuka, ba ta roƙon ɓera ya bari. Fita da dare ba izini da shan giya laifi ne, a tsawata a kansa a lokacinsa, a auna shi a ma'auninsa. Amma bai zama lasisi ga kowa ba. Shari'ar Musa ma, a Maimaitawar Shari'a 22, ta ce budurwar da aka fi ƙarfinta a jeji ba ta da laifi, ta kuma kwatanta abin da wanda aka tasar wa aka kashe. Ba a tambayar gawa me ya kai ta hanyar. Tsoron wannan tambaya ce ta sa Melinda ta yi shiru shekara guda, ita ce kuma take sa dubbai yin shiru.

Na biyu, suna cewa littafin zai koya wa yara abin da ba su sani ba. Yaron da yake da wayar hannu, ko abokinsa yake da ita, ya riga ya ga abin da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, ya kuwa gan shi a matsayin abin daɗi. Abin da bai taɓa gani ba shi ne abin da yake biyo baya, wato watanni tara na yarinya a ɗakin tsintsiya. Marubuciyar ta faɗa cewa samari da yawa sun rubuto mata suna cewa sun ji daɗin littafin, amma ba su gane abin da ya sa Melinda ta damu haka ba. Wannan tambaya ita kaɗai ta isa hujja. Samarin nan ba a taɓa gaya musu ba. In ba a gida ba, ba a majami'a ba, ba a littafi ba, to, a ina za su ji? In kunne ya ji, jiki ya tsira, jikin da zai tsira kuwa har da na 'yar maƙwabci.

Na uku, suna cewa a bar kaza cikin gashinta, rufin asiri ya fi. An san yadda ake yi. Dattawa su zauna da iyayen biyu, saurayin ya durƙusa ya ce Shaiɗan ne, a ce wa yarinya ta gafarta tun da ita mai bi ce, a yi addu'a a tashi, a ce kada maganar ta fita. Asirin wa aka rufa? Yarinyar dai ta koma ɗaki da ciwonta. Wanda ya sami sutura shi ne mai laifin, yana nan a bencinsa ran Lahadi, ita ce za ta sāke wurin zama. Bangon makewayin nan na cikin littafin ya nuna abin da kowane dattijo ya sani a ransa, cewa mai irin wannan hali ba safai yake tsayawa a kan ɗaya ba. Gafara gaskiya ce, wajibi ce kuma, amma tsakanin mai rai da Allahnsa take, a lokacin da zuciya ta iya. Ba a karɓarta da tilas a gaban taro. Ba ta kuma soke hukuma, wadda Romawa 13 ta ce Allah ne ya ba ta takobi domin masu mugunta. Har wa yau akwai maganar asibiti. Maganin da yake hana ƙwayar cutar kanjamau kama jiki bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72. Kwana ukun da dattawa suke yi suna shawarar yadda za a rufe magana, su ne kwana ukun da likita yake bukata.

Ikkilisiya kuwa ta riga ta ɗanɗana abin da rufin asiri yake haifarwa. A watan Oktoba na 2021 wani kwamiti mai zaman kansa a Faransa, wanda shugabannin ikkilisiyar Katolika na ƙasar suka kafa da kansu, ya kiyasta cewa yara wajen 216,000 ne ma'aikatan ikkilisiya suka ci zarafinsu tun daga 1950. Ba ɗarikar da za ta nuna wa wata yatsa a kan wannan. Kowane ɗaya cikin yaran nan akwai babban da ya ga alama ya kau da kai, ko ya ji ya ce a yi shiru domin sunan Yesu. Sunan da aka ce ana karewa, shi aka jawo wa zagi.

Na huɗu, suna cewa ba Allah a littafin, ba addu'a, ba majami'a, yara suna yi wa malamai ba'a, iyaye kuma an nuna su raunana. Wannan gaskiya ne. Littafin ba na koyar da bangaskiya ba ne, ba kuma na 'yan firamare ba ne. Iyaye suna da iko su duba shekarun ɗansu, ya kuma fi kyau babba ya fara karantawa. Amma rashin majami'a a labarin tambaya ce ga majami'a. Da akwai ta, wurin wa Melinda za ta je? Wace uwa ce a zumuntar mata za ta ji maganar ba ta kai ta bakin rijiya ba? Wane dattijo ne zai gaskata ta in sunan da ta faɗa na ɗan mai ba da baiko mai yawa ne? Rachel ta gaskata aminiyarta har sai da ta ji suna. Nan ne yawancin mutanen kirki suke faɗuwa.

Abin da ya kamata a yi

A Markus sura 5 wata mace ta yi shekara 12 tana zubar jini, cutar da ta sa ta zama marar tsarki, ba mai taɓa ta. Ta zo ta bayan Yesu a ɓoye ta taɓa rigarsa, ta warke. Da ya bar ta ta sulale, da ba wanda zai sani. Amma ya tsaya, ko da yake shugaban majami'a yana jiransa da maganar gaggawa, ya jira har ta fito tana rawar jiki ta faɗi gaskiyarta duka. Bai tsawata mata ba, ya kira ta 'yarsa. Ya sani warkar jiki ba ta isa ba in mutum yana nan a ɓoye.

Wannan shi ne aikin da malamin zane ya yi a cikin littafin, shi ne kuma aikin da ke gaban kowane uba da uwa, da malamin makarantar Lahadi, da shugabar zumunta. Ba ya bukatar kuɗi ko babban ilimi. In yaro ya sāke hali farat ɗaya, a ajiye bulala tukuna, a nemi wuri ba kowa a tambaye shi a hankali. In bai amsa ba, a gaya masa ƙofa tana buɗe, a sāke tambaya wani mako. In ya faɗa, kalma ta fari ita ce an gaskata shi, ta biyu kuma ba laifinsa ba ne. Daga nan sai asibiti a ranar, sai hukuma. Kada a sa yarinya ta maimaita labarinta gaban taron maza, kada kuma a haɗa ta ido da ido da wanda ya cuce ta da sunan sulhu. Kowace ikkilisiya ta zaɓi mata biyu masu riƙon amana, a sanar da sunansu daga bagade, yara su san wurin zuwa.

Wanda ya iya Turanci ko Faransanci ya kuma sami littafin, bari ya karanta, sa'an nan ya karanta tare da matasan da suka kai shekarun sakandare, maza da mata. Wanda bai samu ba, yana da 2 Sama'ila 13 da Hausa a gidansa. A karanta ta a taron matasa da na dattawa, a bi mutanen da ke ciki ɗaya ɗaya, Yonadab, da baran da ya kulle ƙofa, da Absalom, da Dawuda, a tambaya me ya kamata kowannensu ya yi. Sa'an nan kowa ya koma gida ya dubi 'ya'yansa, musamman wadda ake yabo saboda ba a jin bakinta. Allah ya ba iyaye kunnen ji.